Katin da Ya Sha Turare

Ni mai gyaran kwamfuta ne, kuma mai saurin fushi. Abubuwan nan biyu ba sa jituwa, amma haka Allah ya haɗa mini su, da su kuma nake cin abinci a wani ɗan shago da ke hanyar Ƙiblatain, a birnin Madina. Mu biyu ne a shagon, ni da wani dattijo Bahaushen Chadi wanda ya girme ni nesa ba kusa ba, tun ranar da muka fara aiki tare nake ce masa Kawu. Shi sanyin hali gare shi kamar ruwan randa. In na'ura ta ƙi tashi, ni sai in hau zaginta da Larabci in ƙarasa da Hausa, shi kuwa sai ya zuba shayi ya zauna yana kallonta, wai yana jira ta gaya masa abin da ke damunta.

Abin da zan faɗa ya faru ne a shekarar da idon Inna ya fara tafiya. Inna mahaifiyata ce. Muna zaune tare a Ƙuba, a gidan da Baba ya gina tun lokacin da gonakin dabino suka fi gidaje yawa a unguwar. Kakanninmu da ƙafa suka zo aikin hajji daga ƙasar Hausa suka zauna, mu a nan aka haife mu. Ciwon suga ya daɗe a jikinta, ya cinye idon hagu a hankali ba mu ankara ba, sannan ya juyo kan na dama. Ranar da na kai ta asibiti, likita ya ja ni gefe ya ce ganin da ya rage mata ba zai daɗe ba, in akwai abin da take son gani kada a ja lokaci. Na ɗauka ba ta ji ba. Muna mota a hanyar dawowa ta ce, "Muhandis, kaset ɗin nan na cikin akwatina. Ina so in ga babanka."

Muhandis take ce mini, wato injiniya, rabi girmamawa rabi zolaya. Ni ne ɗanta na fari, ba ta taɓa kiran sunana ba, kamar yadda ba ta taɓa kiran sunan Baba ba har ya koma ga Allah. Shi Malam take ce masa.

Baba ba ya son hoto. Wanda ke jikin katinsa na ɗan ƙasa kaɗai muke da shi, ya ɗaure fuska kamar wanda aka kama da laifi, bai yi kama da mutumin da muka sani ba ko kaɗan. Sai kuma kaset ɗin bidiyo guda ɗaya, wanda wani ɗan'uwanmu ya ɗauka da kyamarar aro ranar sunan 'yar ƙanwata ta fari. Baba yana ciki, yana tafiya, yana magana. Bayan sunan da 'yan watanni ya kwanta ciwo bai tashi ba, muka kai shi maƙabartar Baƙi'a. Inna ta naɗe kaset ɗin a ɗankwali ta sa a ƙasan akwati. Ba ta taɓa kallo ba, ba ta kuma bar kowa ya kalla ba, har jaririyar da aka yi wa sunan ta shiga jami'a.

Na ce mata ai abu ne mai sauƙi, akwai shaguna a cikin gari da ke juya irin waɗannan tsofaffin kaset, gobe in kai, jibi in karɓo.

"Abadan," in ji ta. "Akwai matan gida da na maƙwabta a ciki, babu lulluɓi. Kaset ɗin nan ba zai taka ƙofar gidan nan ba."

Na san Inna. In ta ce abadan, to an gama magana. Na ɗaga murfin kaset ɗin na duba zaren, na ga gefensa ya fara tattarewa saboda zafi da daɗewa. Irin wannan zai iya jure juyi ɗaya, wataƙila biyu, daga nan ya tsinke. Ba zan sa shi a talabijin kawai a kalla ya wuce ba. Kuma idon Inna ba na kallon abin da ke wucewa ba ne, yana bukatar a tsayar da hoton, a ƙara masa girma da haske. Dole tun juyin farko ya shiga kwamfuta.

Ina da wani tsohon kati a aljihun tebur a shago, aikinsa ke nan, ya karɓi hoto daga na'urar bidiyo ya miƙa wa kwamfuta. Na gwada na zamani da yawa, babu wanda ke haƙuri da tsohon kaset mai rawa kamarsa. Matsalarsa ɗaya, ba ya shiga sai a farin ramin nan na kwamfutocin da, wanda sababbi suka daina zuwa da shi. Na tattaro wata tsohuwa daga kayan da muke ajiyewa a bayan shago, na wanke ta fes, na cusa katin, na gwada. Ya yi aiki ba gardama. Na cire shi don kada ya tsage a hanya, na ɗora komai a mota na kawo gida.

A ɗakin Baba na ajiye ta, kan ɗan teburin da yake ɗora littattafansa. Na bar gefenta a buɗe, katin kuma a kwance a bakinta, da niyyar washegari in haɗa. Na nuna wa Inna na ce, "Ta cikin akwatin nan zai fito." Ta shafa ƙarfen da tafin hannu.

Washegarin ba ta yiwu ba. Na ciro tsohuwar na'urar bidiyonmu daga ɗakin ajiya, na tarar robar da ke juya ta ta narke ta zama kamar kwalta. Na zaga Madina ban samu irinta ba, sai da na aika Jidda, aka yi ta ce mini gobe, gobe, har kusan sati uku. Kullum da safe kafin in fita Inna sai ta tambaya, "Muhandis, robar ta zo?" In ce, "Bukra, in sha Allah," wato gobe. A cikin satuttukan nan na ga ta zuba shayi a gefen kofi ya malale a faranti. Na ga ta fara karkatar da kai in ana yi mata magana, tana neman mutum da gefen ido. Ba ta yi ƙorafi ko sau ɗaya ba.

Ranar da robar ta zo na gyara na'urar, na gwada ta da wani kaset marar amfani, ta juya lafiya. Na ɗauki katin na cusa a raminsa, na danna maɓalli.

Bari in tsaya in faɗi abin da ke faruwa a 'yan daƙiƙun nan da mutum ke dannawa ya tsaya yana jira, domin duk maganar a kansu take. Kafin babbar manhajar da kowa ya sani ta farka, akwai wata ƙarama da ke zaune a wani ɗan guntu a jikin babban farantin kwamfuta, mu masu gyara muna ce mata bayos. Ita ke fara tashi. Ba ta da ido, ba ta san abin da aka sa a cikin akwatin ba, sai ta bi gida tana tambaya. Ta duba ma'ajiyar aiki, ta nemi abin da zai nuna hoto, sannan ta bi ramukan da ake cusa kati ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya a bakin kowane ta ce wa ke nan. Kati mai lafiya yana amsawa da lamba biyu, ta masu ƙera shi da tasa ta kansa. In ya amsa sai ta rubuta shi, ta ba shi wurin zama da layin da zai riƙa kira in yana da magana. In ta tambaya ba a amsa ba, ba ta tsayawa lallashi, ta ce ramin babu kowa ta wuce. Daga nan kuwa, ko da zinariya aka ƙera katin, a wurin kwamfuta babu shi. In ta gama zagayen ba ta ga abin da zai hana tashi ba, sai ta yi ƙara ɗaya gajera, ɗit, ta miƙa gidan ga babbar manhaja.

Tsofaffin kwamfutoci suna nuna jerin waɗanda suka amsa, na ƙiftawar ido, sai ka danna maɓallin tsayarwa kafin ka iya karantawa. Na danna, na karanta daga sama har ƙasa. Kowa yana nan, ban da katina.

Na cire na mayar. Na sa shi a farin rami na biyu. Na canza ɗan batirin nan mai kama da kwabo, na mayar da saitin bayos yadda aka ƙera ta, na canza abin ba da wuta gaba ɗaya. Kwana biyar ina dawowa daga shago in wuce ɗakin Baba kai tsaye, abinci yana hucewa a faranti. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ƙarar nan. Kowane kunnawa sai ta yi ɗit ɗinta cikin nishaɗi, wai gida lafiya, alhali wanda aka tara taron dominsa bai zo ba.

Inna takan zauna a bakin ƙofa da carbinta tana saurare. "Ai na ji ta yi ɗit," in ji ta. "Ba shi ke nan ba?"

"Ƙarya take yi, Inna. Ba ta gan shi ba."

"Ga shi a cikinta, ta ce ba ta gan shi ba?"

"Ba ya amsa mata."

Ta ce, "To wataƙila kunya yake ji." Ban yi dariya ba. Na zargi katin, na zargi farantin, na zargi hanyar Ƙuba da ramukanta, na zargi mutumin Jidda da ya ɓata mini sati uku. Kowa ya sha zagi a bakina.

A rana ta shida, ranar Alhamis, na ɗauki katin na tafi da shi shago na wurga wa Kawu a kan tebur na ce ya mutu. Ya ɗauka ya juya shi, maimakon ya kai shi wurin fitila sai na ga ya kai shi hanci.

"Ya waladi, ɗana," in ji shi, "wannan katin ɗaurin aure za shi?"

Na ce ba na cikin yanayin wasa. Ya goga babban yatsansa a kan haƙoran zinariyar da ke ƙasan katin, waɗanda ke shiga rami, ya nuna mini. Wani abu ne ja-ja mai danƙo. Na ce ƙura ce.

"Ƙura ba ta ƙamshin sandal."

Na ce gidanmu komai ƙamshin nan yake, har takardun mota. Gaskiya na faɗa, kuma nan ne kuskurena yake. A cikin turaren Inna aka haife ni, hancina ya daina jinsa tun ina rarrafe. Kwana biyar ina cusa kaina a cikin akwatin nan ban ji komai ba. Kawu ya ɗauko abin goge fensir ya bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya, ya share da auduga da sifirit, ya cusa katin a wata tsohuwar kwamfuta da ke gabansa. Ɗit. Ya danna tsayarwa. Ga katina a layi na huɗu, kamar bai taɓa ɓata ba.

Wanzami ba ya son jarfa. Maimakon in gode masa, fizge katin na yi na nufi ƙofa. Na ji yana cewa a bayana, "Wanda ya turara ango bai bar ɗakin ba, ka duba ramin ma." Ban tsaya ba. Na tuƙa mota zuwa gida ana gama sallar azahar, lokacin da ban taɓa dawowa ba.

Ƙofar ɗakin Baba a buɗe take kaɗan, hayaƙi yana fitowa. Na tura. Inna ce a durƙushe gaban teburin. Ta ajiye kasko da garwashi daf da buɗaɗɗen gefen kwamfutar, ta ɗauko farin mayafin da Baba ke yafawa ranar Juma'a ta lulluɓe kwamfutar da kaskon gaba ɗaya don kada hayaƙin ya gudu, daidai yadda take kifa kwando ta shimfiɗa riga a kai. Turarenta ita ke haɗa abinta, itacen sandal da narkakken suga da turarukan mai, hayaƙinsa in ya kama tufa sai an wanke sau uku yana nan. Daga baya na ji cewa kullum bayan azahar haka take yi, tun ranar da akwatin ya shigo gidan.

Fushina da Larabci yake zuwa, da Larabci kuwa na yi mata. Na ce mene ne wannan. Na ce kwana biyar ina kashe kaina ashe ita ke warware mini aiki. Na ce garwashi kusa da waya da mayafi, so take ta ƙona gidan. Sannan na koma Hausa don na tabbata ta ji, na faɗi abin da har yau in na tuna sai na runtse ido. Na ce, "Ba kya gani, ki daina taɓa abin da ba ki sani ba. Ke da kanki kike hana kanki ganinsa."

Ba ta ɗago ba. Ta janye mayafin a hankali ta ninke shi gida huɗu a kan cinyarta. Ta laluba ta kama kaskon ta hannunsa ta matsar gefe. Sai da ta gama ta yi magana.

"Na san hoto ne, Muhandis. Idona ne ya tafi, ba hankalina ba."

Ta ɗora hannu a kan mayafin ta ci gaba.

"Tun da aka kawo ni gidansa bai taɓa fita gaban mutane ba sai rigarsa ta sha hayaƙina. Ko masallacin nan na bakin layi za shi. Ka ce mini ta cikin akwatin nan zai fito, ga 'ya'yansa za su taru. To ni me zan yi masa? Ban iya waya ba, ban iya kati ba. Wannan na iya."

Na zauna a ƙasa. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, da tausayinta, da haushin kaina. Na yi sati huɗu ina ganin ni kaɗai ke aiki a kan wannan al'amari, ashe ita ma tana nata kullum, da idon da ba ya gani, tana laluben garwashi da yatsa. Na kama ƙafarta na ce, "Inna, ki yafe mini."

"Halas, ya wuce, tashi, kana ɓata mini lokaci," in ji ta. "Bakin nan naka dai ba na babanka ba ne, ban san inda ka samo shi ba." Sai muryarta ta yi ƙasa. "Na lalata ne?"

"Ba ki lalata ba. Wankewa kawai za a yi."

Bayan la'asar na kwance babban farantin na fito da shi tsakar gida inda haske yake. Sai a rana na ga abin sosai, komai ya yi ja-ja yana ƙyalli kamar an shafa masa zuma. Na ce Inna ta zo ta taya ni, na zuba mata kusoshin a tafin hannu na ce ta riƙe kada ko ɗaya ya faɗi. Ta dunƙule hannun da ƙarfi kamar an ba ta amanar zinariya. Na bi fararen ramukan da buroshin haƙori mai laushi da sifirit, sannan na ninke farar takarda na jiƙa ta na zura a ciki na ja. Ta fito kalar shayi. Na canza wata, ita ma haka. Sai a ta bakwai ko ta takwas ta fito fara.

Inna ta ce in ba ta ɗaya. Ta kai hanci ta shinshina, ta ce, "Wannan na Sallah ne. Mai tsadan na zuba masa." Muka yi dariya mu biyu, ni tawa da hawaye a ciki, na gode Allah da ba ta iya gani ba.

Na bar shi ya bushe har safiyar Juma'a. Bayan mun karya na haɗa komai, Inna tana miƙo mini kusoshi ɗaya bayan ɗaya. Na cusa katin na danna shi har na ji ya zauna. Na yi bismillah na kunna. Fanka ta juya, baƙin allo ya kawo rubutu, ɗit. Na danna tsayarwa, na bi jerin da yatsa. A ƙasa akwai wani layi da babu shi jiya.

"Ya amsa?" in ji Inna daga bayana.

"Ya amsa."

"Alhamdu lillahi. Da ma na ce maka kunya ce."

Na kira ƙanwata a waya ta zo, saboda matan da ke cikin kaset ɗin. Ita ta zauna a gaban allo, ni na tsaya a baya ina kallon zaren yana juyawa ta ɗan gilashin na'urar, zuciyata a hannu, ina roƙon Allah kada ya tsinke. Inna ta ƙi zama, ta ce ba za ta gan shi a tsaitsaye ba. Zaren ya yi ƙara sau biyu amma ya kai ƙarshe. Ƙanwata ta nuna mini inda ɓangaren maza yake, idonta jawur, na yanke shi na ajiye daban.

Da na dawo daga sallar Juma'a na tarar Inna ta yi wanka ta ɗaura zanen da take ajiyewa don biki, har da kwalli a idanun. Na ja labule, na ƙara wa allon haske iya ƙarfinsa, na sa mata kujera. Ta matso har tsakanin fuskarta da gilashin bai fi taƙi ɗaya ba, ta karkatar da kai.

Ga tsakar gidanmu, an shimfiɗa darduma, maza zazzaune da farantan dabino da ƙananan kofunan gahawa. Ga Baba a tsakiya cikin farar riga, yana dariya da wani abu da aka faɗa. Na tsayar, na jawo fuskarsa har ta cika allon. Ta daɗe tana kallo, tana motsa kai kaɗan-kaɗan tana neman inda idon zai kama.

Na kasa haƙuri na ce, "Me kike gani, Inna?"

"Fari. Da duhu a tsakiya." Ta ƙara matsawa. "Hular a karkace take."

"A karkace take."

"Kullum sai na gyara masa, kafin ya kai ƙofa ta koma." Ta ɗaga yatsa ta taɓa gilashin daidai gefen hular.

Idanunsa ba ta gan su ba, dariyar ma ba ta gani ba. Na tambaye ta, ta faɗa mini gaskiya. Ban san ko da na kai hancina tun ranar farko, ko da robar ta zo da wuri, da ta ga fiye da haka ba. Likita ya ce 'yan kwanaki ba sa kawo bambanci mai yawa. Na ji shi, amma abin yana cina har yanzu.

Ta ce in sake shi ya yi tafiya. Na saki, na ƙara murya. Hayaniyar taro ta cika ɗakin, wani ya yar da faranti ya yi ƙara. Sai Baba ya dafa gwiwa ya miƙe, ya ratsa mutane ya nufi ƙofar cikin gida, mai kyamara yana binsa. Ya tsaya a bakin ƙofar ya ɗan leƙa, ya ce da muryar nan tasa mai taushi, "Ina innarku?"

"Ga ni, Malam," in ji Inna.

Ba da ƙarfi ta faɗa ba, kuma ba ta yi jinkiri ba, kamar yana ɗakin. A cikin kaset ɗin babu wanda ya amsa masa, sai dariyar mata daga ciki. Ya jira, ya sake cewa, "Ina innarku ne?"

"Na ce ga ni."

Ya ɗan tsaya, sannan ya juya ya koma wurin baƙinsa. Ƙanwata ta fita da gudu. Ni na tsayar da hoton.

Inna ta share fuska da bakin zane ta ce, "Na ji shi a ranar, duka biyun. Ina bayan ƙofar kicin. Yaron nan yana tsaye da kyamara, kunya ta hana ni amsawa. Na ce in baƙi suka watse zan tambaye shi me yake so. Hidima ta ɗauke mini hankali na manta. Da na tuna, ya riga ya kwanta, na ga ba lokacin wannan tambayar ba ne." Ta yi ajiyar zuciya. "Har yau ban san me yake so ba."

Kafin azumi ya zagayo, abin da ya rage a idon dama ya tafi. Kwamfutar tana nan a ɗakin Baba, na rufe gefenta na ɗaure da kusoshi. Mun yi yarjejeniya da Inna, mayafin a tsakar gida ake turara shi, ni nake hura mata garwashin, sannan ta shigo da shi ta shimfiɗa a kan kujerar da ke kusa da tata. Na gaya wa Kawu komai, na kuma ba shi haƙurin fizge katin. Ya zuba mini shayi ya ce in ta haɗa turaren Sallah na bana a ɗebo masa.

Duk Juma'a in na dawo masallaci nakan kunna mata. Yanzu ba ta matsawa kusa da gilashin, zama take yi ta jingina. Da ƙarar farantin nan take gane ya kusa miƙewa, sai in ga ta gyara ɗankwali. Ya tambaya, ta amsa. In ya sake tambaya sai ta girgiza kai ta ce mini, "Kunnen nan nasa dai," sannan ta ɗan ɗaga murya ta sake amsawa.